Finjalin da Aka Cika wa Ƙasimu

Matakala goma sha tara ce tsakanin ƙofata da ƙofar Baba Ƙasimu. Na ƙirga su tun ranar da na tare a benen gidansa da ke unguwar Ƙuba, shekarar 1999, ina sabon zuwa Madina daga Gusau da takardar aikin haɗa magani a wani asibiti. Ƙirga ita ce sana'ata, kuma ta biyo ni har gida: ƙwayoyin magani, mintocin da bas ke ci kafin ya kai ni aiki, dabinon da ya rage a kwano. Sunana Badamasi, amma bai taɓa kira na da shi ba. Dakta yake cewa. Sau goma sha ɗaya na gaya masa ni ba likita ba ne, daga nan na haƙura.

Shi kuwa gahawa ce sana'arsa. A gidan biki, a gidan makoki, a walimar saukar karatu, shi ake kira ya zuba wa baƙi. Kakansa ya taso daga Damagaram a ƙafa, ya ci shekara bakwai a hanya, ya iso Madina da ɗa ɗaya a raye cikin uku. Wannan ɗan shi ne ya haifi Ƙasimu, shi ne kuma ya koyi zuba gahawa a gidajen Larabawa har ya fi su iyawa. Ƙasimu ya gada. Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, shekararsa arba'in da ɗaya yana riƙe da dalla, wato butar nan ta tagulla mai dogon baki.

Wanda bai zauna a nan ba sai ya ɗauka zuba gahawa zuba ruwa ne a kofi. A'a. Dalla a hannun hagu, finjali a dama, a fara da babba. Ba a zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na finjalin. Ka shanye ka miƙo, a ƙara maka. In ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza finjalin kafin ka miƙa. Wannan kaɗan-kaɗan ɗin shi ne ake ce maka zauna, muna son zamanka. Idan kuwa mai gida ya cika maka finjali har baki, ya gama magana: sha ka tashi, ba a buƙatarka a nan.

Ranar da mahaifinsa ya miƙa masa dalla, Ƙasimu yana ɗan shekara goma sha bakwai, sai da tsohon ya riƙe masa wuyan hannu ya sa shi ya yi alkawari.

"Ya ce mini, Dakta, 'Hannun nan kada ya taɓa cika wa ɗan Adam finjali. Ko wanda ya kashe ni ne.' Na ce na yi alkawari. Ya ce maimaita. Na maimaita."

Kuma ya riƙe. Ya zuba wa mutanen da suka cuce shi, ya zuba wa wani da ya taɓa kai ƙararsa kan katanga, kowa kashi ɗaya cikin uku.

Zubair ɗan ƙanin mahaifin Ƙasimu ne, ƙanin da aka haifa bayan isowarsu Madina. Iyayensa sun rasu yana ɗan shekara huɗu, aka kawo shi gidan, ya zama ƙaramin kowa, shi ya sa ake ce masa Ɗan'auta. Ƙasimu ne ya goya shi, shi ya raka shi makaranta, shi ya saya masa keken farko da ya fara tallan dabino. Allah ya buɗa wa Zubair. Ya zama babban dilan dabino, ya gina bene mai hawa uku a unguwar Bani Harisa, kuma wajen shekarar da ya sayi mota ta biyu Hausa ta fita daga bakinsa. Ka gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci, yana waige-waige ko wani ya ji.

A farkon 2006 aka sa ɗaurin auren ɗansa Walid da 'yar wani attajirin Balarabe mai kantunan zinare. Zubair bai kira Ƙasimu ya zuba gahawa ba; wani kamfani ya ɗauko, ma'aikata shida da riguna iri ɗaya. Ƙasimu ya shanye wannan. "Yana son in zauna in huta kamar babba," in ji shi, ya sa Hala Murja, matarsa, ta goge masa farar rigarsa har sau biyu. Ni na tuƙa shi, bayan la'asar.

Mutum talatin da huɗu ne a majalisin, tara namu, sauran dangin amarya. Ƙasimu na shiga ya hango Zubair a cikin alkyabba mai bakin zinare, farin ciki ya ɗebe shi, ya ware hannu biyu.

"Ɗan'auta! Yau kai ne da aurar da ɗa? Jiya-jiya fa nake goya ka zuwa Masallacin Ƙuba kana tsula mini fitsari a baya!"

Namu suka fara dariya, suka ga fuskar Zubair, suka haɗiye. Uban amarya ya karkato ya tambaya da Larabci wane ne wannan, me ya ce.

"Wani tsohon maƙwabcinmu ne," in ji Zubair. Ya nuna ni da haɓa. "Wannan kuma direbansa."

Sannan ya tashi. Ya karɓi dalla daga hannun ma'aikacin da ke kusa, ya zaɓi finjali mai bakin ruwan zinare, ya zuba. Ina kallo ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ya wuce rabi, bai tsaya ba sai da gahawa ta yi tozo a bakin finjalin. Ya miƙa wa wanda ya goya shi.

"Tafaddal," ya ce. Bismillah ke nan.

Ƙasimu ya karɓa da hannun dama, ko ɗigo bai zube ba. Kurɓa uku ya yi mata da zafinta. Ya sa finjalin a aljihun rigarsa, a gaban kowa, ya juya ya fita. Minti ashirin da uku muka yi a hanya. Sai da na kashe mota a ƙofar gida ya tambaye ni.

"Mutum nawa suka gani, Dakta?"

"Talatin da huɗu."

"Namu fa?"

"Tara."

"Rubuta mini sunayensu."

Na rubuta a bayan takardar magani. Shekara biyar na yi a jami'a, wani mai dabino ya mai da ni direba da haɓarsa.

Duk ranar Alhamis Ƙasimu kan hau matakalar nan goma sha tara in auna masa jini. Kafin bikin, ɗari da talatin da biyar bisa tamanin da biyar. Mako uku bayansa, ɗari da saba'in bisa ɗari. Na ƙara masa ƙwaya, na hana shi gishiri, banza. Yana zuwa aiki, yana zuba wa mutane, amma in ya dawo sai ya fito da finjalin nan ya ajiye a gabansa ya yi ta kallo. Wata rana Hala Murja ta gaji, ina zaune.

"Ƙasimu, ka je ka zage shi ka huta mana. Ka zage shi ta uwa ta uba, ai duk danginka ne, ba wanda zai ji haushi."

"Zagi? Ya zage ni ne? Abin da ya ba ni shi zan mayar masa. Ba ƙari, ba ragi."

"To Sallah na zuwa, dole ya zo gaishe ka. Cika masa."

Ya ɗaga hannun damansa ya juya shi gaba da baya. "Da wane hannu, Murja?"

Ta yi tsaki. "To mutu da shi. Dakta, ka ji, idan ya faɗi ka rubuta a takarda finjali ne ya kashe shi."

Nan abin ya tsaya wata huɗu. Ramuwa yake so, a cikin finjalin da aka ba shi, a gaban idanun da suka gani. Alkawarin mahaifinsa kuma ya ɗaure masa hannu.

Ni a lokacin ina da ɗan injin gahawa na kofi ɗaya da na sayo a Jidda. Na taɓa auna Ƙasimu da agogo: daga suyar ƙwaya, zuwa daka, zuwa tafasa da hel, 'ya'yan ƙamshin nan da suke sawa, minti arba'in da bakwai. Injina daƙiƙa casa'in. Mutumin da ke kama aiki ƙarfe bakwai ya san wanda zai zaɓa. Ƙasimu ya tsani injin. "Makinar marowata," yake ce masa. "Kofi ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya ƙera ta ba shi da maƙwabci."

Wata Alhamis ya hawo na tarar babban kofina ba a wanke ba, sai na tura ƙaramin kofin shayi ƙarƙashin injin na danna, na juya ina ɗaura masa abin awo a dantse. Gahawa ta cika kofin, ta malale kan tebur. Na zabura neman tsumma. Ya riƙe ni.

"Ba ta ga kofin ya cika ba?"

"Ba ta da ido, Baba."

"Ba ta tsayawa?"

"Sai ta gama adadin da aka sa mata."

"Ko waye ya danna?"

"Ko waye."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da finjalin mai bakin zinare; ashe da shi yake yawo. Ya ajiye a gabana.

"Auna mini wannan."

Na ɗauko sirinji na yi ta ɗura ruwa. Mililita hamsin da biyar, har baki. Na maimaita sau uku don in tabbata. Na ɗago na ga yana murmushi, karo na farko cikin kwana ɗari da ashirin da shida, kuma wallahi murmushin bai yi kama da na mutumin kirki ba.

Injina bai dace ba, mililita ɗari da ashirin yake zubawa; malala ba ramuwa ba ce, ƙazanta ce. Muka shiga nema. Kantuna huɗu muka zaga a Madina, babu. Sai muka kama hanyar Jidda wata Alhamis da sassafe, kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, finjali a naɗe cikin hankici. A kanti na uku muka dace da wani mai sayarwa, Issoufou, mutumin Damagaram, da ya ji muna Hausa ya bar wasu Turawa biyu a tsaye ya taho.

"Alhaji, ga wannan," ya ce, ya dafa wata mai ƙyalli. "Mariƙi gare ta. Ka ja ta zuba, ka saki ta tsaya. Yadda ranka ke so."

"Ba na so. In mutum ya ga ya kai kashi ɗaya cikin uku sai ya saki."

"To ai shi ne daɗinta."

"Shi ne aibinta. Gaba."

Ta biyu irin tawa ce, mai cika babban kofi. Ta uku tana da maɓallai bakwai da ɗan allo mai rubutu; Ƙasimu ya ce mai maɓalli bakwai tana ba mutum hanyar gudu shida. Ta huɗu baƙa ce, ƙarama, maɓalli ɗaya tak. Gahawarta a cikin ɗan gwangwani take kamar kafson magani, kowane kafso kofi ɗaya. Issoufou ya ce ana iya koya mata adadi: ka danne maɓallin ka riƙe, in ta zuba yadda kake so ka saki, shi ke nan ta haddace, kullum haka za ta riƙa zubawa da dannawa ɗaya.

"Ta fi wasu 'yan'uwan riƙe abin da aka koya musu," in ji Ƙasimu. "Kafson wanne ya fi ɗaci?"

Issoufou ya dube shi, ya dubi finjalin da nake gwadawa ƙarƙashin bakin injin ko zai zauna daidai. Ya shekara ashirin a ƙasar nan, ya san abin da cikakken finjali ke nufi.

"Alhaji, wa ya taɓa ka haka?"

"Ɗan'uwa."

"Ai na sani. Bare ba ya sa a zo Jidda." Ya sunkuya ya zaro wani baƙin kwali daga ƙasan kanta. "Wannan ko Italiyawa sai da sukari suke shan sa."

Kwali huɗu muka ɗauka, kafso goma-goma. Kuɗin ba zan faɗa ba, don Hala Murja na da rai, kuma an gaya mata rabi ne.

Koyar da injin ni ya faɗa wa. Ƙasimu ya ce ba zai taɓa maɓallin ba ko da wasa, har hannunsa yake mayarwa baya in ya zo kusa. Na ce masa, "Baba, to ni nawa hannun fa?" Ya ce, "Kai ubanka bai sa ka alkawari ba. Kuma kai direba ne." Wannan kalma ta ishe ni.

Aikin ya fi yadda na zata. Gahawar injin tana zuwa da kumfa, kumfar kuma tana kwantawa bayan daƙiƙa arba'in, sai finjali ya koma kamar ba a cika ba. In na kai hamsin da biyar cif, kumfa ta malale. Na gwada hamsin, Ƙasimu ya duƙa ya daidaita idonsa da bakin finjalin ya ce da saura, wani zai iya cewa kuskure ne. Hamsin da uku ita ta zauna: ruwa har zaren zinaren, kumfa ta yi tozo a sama, daidai yadda aka miƙo masa. Kafso ashirin da uku muka ƙona kafin mu kai nan. Na sha huɗu, zuciyata ta yi ta lugude. Sauran Hala Murja ta zuba wa bishiyar lemun tsakar gida tana Allah ya isa.

Sai matsalar wuta. Gidan tsoho ne, soket ɗinsa duk na ɗari da goma ne, injin kuwa ɗari biyu da ashirin yake ci. A benena na yi gwajin, inda aka sabunta waya. A majalisin Ƙasimu soket ɗaya ne mai ƙarfin, wanda na'urar sanyaya ɗaki ke ciki. Na ce a kira mai gyaran wuta ya ja wani.

"In an sa injin dole a cire sanyi?"

"Dole."

"Kada a kira kowa."

Ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Oktoba, rana na da sauran ƙarfinta. Kwana ɗari biyu da goma sha ɗaya da bikin. Ƙasimu ne babba a dangi, kowa gidansa yake zuwa bayan an sauko idi, kuma mun san Zubair zai zo, don rashin zuwa amsa laifi ne. Cikin mutum taran da ke takardata, takwas sun iso da ƙafarsu. Na taran, Malam Ja'afaru, ƙafa ta hana shi fita tun Rajab. Ƙasimu ya ce ba za a fara ba sai da shi. Na je unguwar Ƙurban na ɗauko shi da kekensa, yana tambayata a hanya wai me ake rabawa.

Goma da kwata Zubair ya shigo, Walid na bayansa. Ya sumbaci kan Ƙasimu kamar yadda aka saba, ya yi barka da Sallah da Larabci, ya zauna yana duba agogo. Ƙasimu ya miƙe da dalla. Ya fara da Malam Ja'afaru, ya bi dama, kowa kashi ɗaya cikin uku, ƙamshin hel ya cika ɗaki. Ya zo kan Zubair ya wuce shi kamar matashin kujera ne, ya zuba wa Walid. Sannan ya ce, "Dakta."

Na zare wayar sanyi. Ɗakin ya yi tsit, don sai da ƙugin na'urar ya ɗauke muka san da shi muke magana. Na ɗauke mayafin da ke kan ɗan teburin tsakiya, na jona injin, na saka kafso. Ƙasimu ya warware hankici, ya ajiye finjalin mai bakin zinare a ƙarƙashi. Na ga idon Zubair ya sauka a kansa ya kasa tashi.

"Zubair," in ji Ƙasimu, da Hausa, a hankali. "Kai yanzu mutumin zamani ne, gahawar tsofaffin maƙwabta ba ta dace da kai ba. Har Jidda na je na sayo maka taka. Ni ban iya ta ba. Danna da kanka."

Zubair ya yi 'yar dariya ya dubi mutane. Ba wanda ya taya shi. Ƙin dannawa a gaban dattawa tara, ranar Sallah, a gidan babba, ba ya yiwuwa. Ya miƙa yatsa ya danna.

Daƙiƙa talatin da ɗaya injin ke yi. Ban taɓa sanin tsawonsu ba sai ran nan. Baƙin ruwa ya zubo siriri. Ya kai kashi ɗaya cikin uku, Zubair ya ɗaga hannu yana neman abin da zai saki, babu. Ya kai rabi. Malam Ja'afaru ya turo kekensa gaba don ya gani da kyau. Ruwa ya taɓa zaren zinare, kumfa ta yi tozo, injin ya yi shiru. Ko ɗigo bai zuba ba. Na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙeya.

"Tafaddal," in ji Ƙasimu, hannayensa biyu a bayansa.

Zubair ya ɗauka. Kurɓar farko ta murɗe masa fuska, mutumin da ya saba da gahawa mai ruwan zuma. Ya shanye. Kowa na jira ya tashi. Amma a gida ɗaya suka girma, ya san dokar sana'ar kamar yadda Ƙasimu ya sani. Sai ya miƙa wa Ƙasimu finjalin, bai girgiza ba. Mai zuba gahawa ba ya barin finjalin da ba a girgiza ba ya koma wayam. So yake a tilasta wa Ƙasimu ya zuba masa daga dalla, kashi ɗaya cikin uku, a ce an shirya.

Wannan ba ya cikin lissafina. Ƙasimu ya karɓi finjalin da hannun dama, yadda doka ta ce. Ya dubi dallar da ke hagunsa. Ya mayar da finjalin ƙarƙashin injin.

"Dakta, baƙonmu bai ƙoshi ba."

Na saka kafso na biyu.

"Danna."

Ya danna. Wata talatin da ɗayar. Zufa ta fara tsattsafo wa kowa, ta Zubair ta jiƙa wuyan rigarsa. Ya shanye, ya sake miƙowa bai girgiza ba, idonsa cikin na yayansa.

"Kai, 'ya'yan gidan nan da taurin kai!" in ji Malam Ja'afaru. "Ku mayar mana da sanyi ku kashe juna a hankali."

"Kafso nawa suka rage, Dakta?"

"Goma sha biyar, Baba."

"Ka ji, Zubair. Ba ma gaggawa."

Walid ya sunkuya ya ce wa ubansa da Larabci ya isa haka, yana da hawan jini. Zubair ya ture hannunsa ya danna na uku. Wannan karon da ya ɗauka, gahawa ta zubo masa a farar riga, layi biyu. Ya shanye da ƙyar. Ya riƙe finjalin a iska, ina ƙirgawa, daƙiƙa tara. Sannan ya girgiza shi.

Ƙasimu ya karɓa. Zubair ya miƙe ya nufi ƙofa, ya tsaya yana laluben takalminsa cikin takalman mutane, ya kasa gane nasa. Daga can, bai juyo ba, muryarsa ta fito, da Hausa tsantsa irin ta tsofaffin Ƙuba:

"Yaya, haka za ka yi mini?"

"Au," in ji Ƙasimu. "Ashe kana ji."

Zubair ya fita. Walid ya yi kamar zai bi shi, sai ya dawo ya zauna, ya miƙa wa Ƙasimu finjalinsa bai girgiza ba, ya ce, "Ya ammi," wato baffa, da 'yar murya. Ƙasimu ya zuba masa kashi ɗaya cikin uku. Na mayar da wayar sanyi. Hala Murja, da ta ji komai daga bayan labule, ta aiko da faranti biyu na alkaki maimakon ɗaya.

Alhamis ta gaba na auna shi: ɗari da talatin bisa tamanin. Na rage masa ƙwaya.

Kada wani ya zata an rungume juna. Da Babbar Sallah Zubair ya dawo, ya tsaya tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda na kan titi zai ji: "Yaya, barka da Sallah!" Ƙasimu ya dube shi ya daɗe, sannan ya karkata dalla ya zuba masa. Rabi. Ba cikawa ba ce, alkawari na nan. Amma ba kashi ɗaya cikin uku ba ce, kuma duk wanda ke ɗakin ya gani. Idona ya saba da awo: mililita ashirin da bakwai. Sallar da ta biyo, ashirin da shida. Hannun da ya shekara arba'in yana zuba ba ya kuskuren mililita, da gangan yake yi. Kashi ɗaya cikin uku na finjalin nan goma sha takwas ne, kuma yanzu, a ƙarshen 2009, muna kan ashirin da ɗaya. Na gaya masa in ya ci gaba a haka saura Sallah uku.

"In ya ci gaba da gaishe ni da Hausa," ya ce. "Ranar da ya manta, mu koma ashirin da bakwai."

Injin na nan a majalisi kan ɗan teburinsa, kusa da soket ɗin sanyi, finjali mai bakin zinare a ƙarƙashinsa, Hala Murja na goge masa ƙura duk Juma'a. Ba a ƙara kunna shi ba. Kafso goma sha huɗu suka rage a kwali, kuma a matsayina na mai haɗa magani na nuna masa kwanan watan da ke jiki, na ce sun lalace tun bara, a zubar.

Ya karɓe kwalin daga hannuna ya mayar inda yake, ya juya shi yadda mai shigowa zai fara ganinsa.

"Bar su, Dakta. Zubair bai iya karanta kwanan wata daga bakin ƙofa ba."